Agogona da ake wanawa bai taɓa tsayawa ba, sai na kai shi sabis?

Tambaya: Na gaji agogon hannu daga mahaifina, irin wanda ake wanawa, ba ya amfani da batir. Shekara 12 ke nan ba a buɗe shi ba, kuma yana tafiya daidai. Dole ne sai an yi masa sabis?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinka. Malam, kai shi, kada ka jira sai ya tsaya.

Da za ka leƙa cikinsa da gilashin ƙara girma, za ka ga wata 'yar ƙafa mai kama da ƙafar keke tana juyawa dama da hagu, da siririn sifirin kamar gashi yana buɗewa yana tsukewa a tsakiyarta. Ni dai har yau ban gaji da kallonta ba. A agoguna da yawa na zamani tana bugawa sau 28,800 a awa, wato sau 691,200 a kwana guda. Jajayen duwatsun da ke ƙyalli a gefe, galibi 17 ko fiye, yakutu ne da ake haɗawa a masana'anta. Ba don ado aka sa su ba, a cikin yawancinsu ne ƙafafun injin ke juyawa, da ɗigon man da bai kai kan allura ba.

Man nan shi ne maganar. Da shekaru yakan bushe ko ya daskare, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe, agogon kuwa yana ta tafiya kamar ba komai. Ranar da zai tsaya, an riga an yi ɓarna, kuma kayan gyaran tsohon agogo wuyar samu gare su.

Sabis na gaskiya shi ne a warware injin gaba ɗaya, a wanke kowane yanki, a canja abin da ya cinye, a mayar, a sa sabon mai, a daidaita gudunsa, a sauya robar da ke hana ruwa shiga. Wanda ya buɗe murfi ya ɗiga mai a kan datti ya rufe, cutarka ya yi. Yawanci ana yi ne duk shekara 5 zuwa 10.

Ka kuma gaya wa mai gyaran kada ya goge jikin agogon da inji sai da izininka. Gogewa na cin ƙarfe, tana kuma share ƙarce-ƙarcen da ya samu a hannun mahaifinka.