Kuɗin bitar dole: daga aljihun wa ya kamata ya fito?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce ke jami'ar raya al'umma ce a ƙaramar hukuma, kina mataki na 8, an turo muku sakula cewa dole ku je babban birnin jiha bitar kwana uku kan ƙananan sana'o'i da ƙungiyoyin gama kai, wanda bai je ba kuma ba zai shiga jerin ƙarin girma ba. An ce ku biya rajista da kuɗinku, a mayar muku daga baya. Kina so ki san ko haka tsarin yake. Shekara 35 na yi a wannan sashe kafin na yi ritaya, don haka bari in faɗa miki abin da na gani da idona.

Bitar dai ki je, ba na son kowa ya hana ki. Amma a ƙa'ida ba ke ce mai biya ba, domin an riga an biya. Daga kason da ƙananan hukumomi ke samu a wata ana cire kashi 1 cikin 100 a ba hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha, kuma sunan kuɗin ma kuɗin horaswa. Ma'aikaci daga mataki na 7 zuwa sama yana ƙarƙashin wannan hukuma, ita ke masa canjin wurin aiki da ƙarin girma, horas da shi ma nauyinta ne. Ke kina ciki ke nan.

Abin yana da asali. Bayan garambawul ɗin 1976, da aka mai da ƙananan hukumomi mataki na uku na gwamnati, an ga ba a da isassun ƙwararrun da za su riƙe su. Shi ya sa aka ware jami'o'i uku su riƙa horas da ma'aikatansu: Ahmadu Bello a Zariya, da ta Ife, da ta Nsukka. Ni a Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, na yi difiloma ta, albashina yana tafiya, kuɗin makaranta ba daga hannuna ya fito ba. A can na koyi karanta littafin kuɗi na ƙungiya, da yadda ake gane ƙungiyar gaske da wadda aka haɗa cikin dare don a karɓi taki. Har na bar aiki ina cin moriyar wannan karatu.

Daga baya ne bitoci na otel suka yi yawa. Akwai shekarar da aka tura mu bita irin wadda aka tura ki, aka ce mu biya za a mayar. Na biya rajista, na biya mota zuwa da dawowa, kwana uku a masauki, ga abinci, domin shayi da abincin rana kawai ake bayarwa a zauren. Da na haɗa lissafi ya kusa rabin albashina na wata, rajistar ma ita ce mafi ƙanƙanta a ciki. Na dawo na cike bauca, na manna rasit, fayil ya shiga ofis. Sai aka ce ina takardar amincewa da tafiyar? Ni kuwa da baki aka ce mini in tafi. Wanda ya faɗa ɗin an yi masa canji, sabon da ya zo ya ce bai san zancen ba. Kuɗin nan har yau ban gan su ba, kuma a watan ne na ci bashi na biya kuɗin makarantar yara. Yanzu da aka cire tallafin mai tun Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai ya isa ya girgiza albashin mataki na 8, balle mace mai goyo da sai ta tafi da mai raino.

To ga abin da za ki yi kafin ki taka tasha. Ki rubuta wa shugaban sashenku, ta hannunsa zuwa ga daraktan ma'aikata, ki manna kwafin sakular, ki nemi amincewa a rubuce da kuɗin rajista da na mota da alawus na kwana gwargwadon matakinki. Ki nemi a ba ki kafin tafiya. In aka ce babu kuɗi yanzu, a rubuta a fayil cewa an amince za a biya, ki ɗauki hoton shafin da wayarki. Ki kuma duba wa ya sa hannu a sakular. In daga hukumar ma'aikata ta fito, ki tambaya cikin ladabi me ya sa ba a biya daga kuɗin horaswa ba. In kuwa wani kamfanin shirya bita ne ya aiko da lambar asusunsa, ki dakata sai ofis ya tabbatar miki a rubuce cewa takardar shaidarsu za ta yi aiki a wajen ƙarin girma. Kada ki tafi ke kaɗai wajen wannan tambaya, ku haɗu da sauran waɗanda sunansu ya fito, ku sanar da wakilin NULGE, wato ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, na sakatariyarku. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ma'aji ya zama mutumin da ya kamata ki tambaya ko akwai kason horaswa a kasafin kuɗinku na bana.

Akwai wata asara da ba ta shiga bauca, ita ce ta fi ci mini rai. An taɓa sa mana bita a farkon damina, daidai makon da ƙungiyoyin mata masu sarrafa gyaɗa za su miƙa takardun neman rance. Ba na nan, babu mai duba musu lissafi, ƙungiya biyu suka rasa. Tun daga ranar, duk inda aka ba ni dama nakan ce a kawo mai koyarwa shiyya, a tara ƙananan hukumomi huɗu ko biyar a sakatariya ɗaya, kowa ya kwana a gidansa, a kuma yi ta da rani. Idan kin je, ki ɗaga hannu ki faɗi wannan a zauren. Ki kuma sanar da shugabannin ƙungiyoyinki ranakun da ba kya nan, ki bar musu wanda zai karɓi takardunsu.