An leƙa ta baki da ta dubura ba a ga komai ba, ina jinin Baba yake zuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifina ɗan shekara 67 ne. Sau biyu ana yi masa ƙarin jini cikin wata shida, kuma wani lokaci bayan gidansa yakan fito baƙi ƙirin. An zura masa na'ura ta baki, an zura ta dubura, duk aka ce lafiya lau. Yanzu likitansa ya ce zai haɗiyi kyamara. Mece ce ita, kuma za ta warkar da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Na'urar da aka sa masa ta baki, iyakarta tumbi da farkon ƙaramin hanji. Ta duburar kuma babban hanji take bi, sai ta ɗan leƙa wutsiyar ƙaramin. Tsakaninsu akwai hanji mai tsawon kusan mita 6, naɗe a ciki, wanda duk su biyun ba sa kaiwa. A cikin masu zubar jini ta ciki, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a nan matsalarsu take. Ga mai shekarun Baba, abin da aka fi samu shi ne ƙananan jijiyoyin jini da suka buɗe a bangon hanji, suna tsiyaya a hankali. Akwai kuma gyambo, akwai ƙari.

Kyamarar kafso ce, tsawonta kamar milimita 26, faɗinta 11, da fitila da batir a cikinta. Gavriel Iddan na Isra'ila ne ya ƙirƙiro ta, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2001. Baba zai kwana bai ci komai ba, da safe ya haɗiye ta da ruwa, a ɗaura masa na'urar karɓar hoto a ƙugu. Tana tafiya tana ɗaukar hoto biyu ko fiye a kowace daƙiƙa, har awa 8 zuwa 12. Bayan awa 2 zai sha ruwa, bayan 4 ya ci abinci marar nauyi. Ba allurar barci, ba zafi. Daga baya ta fita a bayan gida, ba a sake amfani da ita.

Amma ki riƙe wannan: gani kawai take yi. Ba ta tsayar da jini, ba ta gutsuro nama a kai ɗakin gwaji. Idan ta nuna wurin, sai a koma ga wata doguwar na'ura mai balan-balan biyu, wadda likita Hironori Yamamoto na Japan ya fito da ita, ita ma a 2001. Ana hura balan-balan ɗaya ya kama bangon hanji, a tura na'urar gaba, a hura ɗayan, a janyo hanjin ya tattaru a jikinta, kamar yadda ake tattara wando in ana zura zariya. Ta haka ake isa can ciki, ta baki ko ta dubura, gwargwadon inda kafson ya nuna. A nan ne maganin yake: a ƙona jijiyar da ke zuba, ko a matse ta, a cire tsiro, a buɗe inda ya tsuke. Aikin kan ɗauki awa ɗaya ko fiye, ana sa barci. Hujewar hanji da kumburin saifar sukari (pancreas, gaɓar da ke daidaita sukarin jini) suna iya faruwa, sai dai ba kasafai ba.

Haɗarin kafson shi ne maƙalewa, ga mutum 1 zuwa 2 cikin 100, galibi masu tsukakken hanji. Saboda haka ku faɗa wa likita in an taɓa yi wa Baba tiyata a ciki, ko yana fama da kumburin ciki da amai. Kada a yi masa hoton MRI sai an tabbatar kyamarar ta fita. In mako 2 ya wuce ba a gan ta ba, a ɗauki hoton ciki.

Ga abin da ya fi damuna, tunda gwajin kafson nan yana da tsada kuma ba kowane asibiti ke da shi ba. Kafin ku kashe kuɗin, ki buɗe ledar magungunan Baba. Dattawanmu da yawa kullum sai sun aika kemis a sayo musu diclofenac ko ibuprofen saboda ciwon gwiwa da baya, wasu ma haɗin da ake ƙullawa a leda ba suna. Waɗannan suna cin bangon ƙaramin hanji kamar yadda suke cin tumbi, kuma majiyyaci ba ya ambata su don bai ɗauke su magani ba. Aspirin da magungunan tsinka jini su ma a nuna wa likita, amma kada a daina su da ka. A kuma gwada bayan gida, domin tsutsar da ke shiga ta tafin ƙafa ta maƙale a hanji tana shan jini ba baƙuwa ba ce a wurinmu, musamman ga manomi, kuma maganinta mai araha ne.

Ƙwayar ƙarin jini ma tana baƙanta bayan gida, tana kuma dushe hoton, shi ya sa ake dakatar da ita 'yan kwanaki kafin gwajin. Ku tambayi likitan ranar da zai tsaya da sha. In kuwa baƙin bayan gidan ya dawo tare da jiri, ko haki, ko aman jini, kada ku jira ranar gwaji, ku kai shi sashen gaggawa a take. Hoton kafso ya fi kama wurin zubar idan aka yi shi kusa da lokacin da jinin ya zuba.