Yawon Sallarmu a Bakin Teku

Kawu, bayan gaisuwa mai yawa, ka tambaye ni abin da mutanen zangonmu na Takoradi a ƙasar Gana suke yi kashegarin Sallah, tun da ba mu da hawan daushe irin na Kano, kuma ka ce an gaya maka wai hasumiya muke zuwa gani, kana tsoron kada ta zama wurin tsafi. Ka kwantar da hankalinka, hasumiyar fitila ce da ke nuna wa jiragen ruwa hanya da dare.

Wurin sunansa Cape Three Points, wato tsinin ƙasar Ahanta da ya kutsa cikin teku, kuma nan ne ƙarshen Gana ta kudu. Mukan yi karo-karo mu ɗauki shatar mota, mu bi ta Agona Nkwanta, mu ratsa gonakin roba a kan hanyar da idan damina ta sauka sai an yi da gaske. Da isarmu ƙauyen masunta da ke gindin tudun, sai manyanmu su fara gaida dattawan gari, domin kakanninmu da suka zo fataucin goro sun bar mana wasiyyar cewa baƙo ba ya tsallake mai gida. Daga nan tafiyar ƙafa ce wadda ba ta kai rabin sa'a ba, mata da ƙullin shinkafa da wake, yara suna gaba ana ta kwaɓarsu kada su matsa bakin dutse.

Turawan Ingila sun gina hasumiya ta farko a 1875, kufanta yana nan, wadda ke aiki yanzu kuwa an gina ta a 1925. A ganina ginin ba wani abin a zo a gani ba ne, hasumiyar Gobarau ta Katsina ta fi shi kwarjini. Abin da ke kai mu shi ne tsayawa a saman tudun, ruwa dama, ruwa hagu, ruwa gaba, igiyar teku tana dukan baƙaƙen duwatsu har feshin gishiri ya taɓa maka leɓe.

Game da alwala da ruwan teku da ka yi shakka, malamanmu tun muna allo suka karantar da mu hadisin da ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne. Da shi muke yi idan azahar ta riske mu, sai dai wanda bai saba ba yakan yamutsa fuska wajen kurkure baki. Mukan shimfiɗa tabarmi a kan ciyawa mu yi jam'i, sannan mu sauko da wuri, saboda direba ba ya yarda duhu ya same shi a wannan hanya.