Windows ta ƙi tashi, mai gyara ya ce sai fomat: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Salamu alaikum Malam, laftof ɗina HP ce, tana cikin sabunta kanta aka ɗauke wuta, batirin kuma dama ya mutu, tun ranar in na kunna sai shuɗin allo kawai. Mai gyara yace sai dai ai mata fomat, kuma furojet ɗina na kammala karatu yana ciki. Don Allah ya zan yi? Wata ɗaliba daga Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya kawo sauƙi. Don Allah kar ki bari ai fomat ɗin nan tukuna, wallahi abin yana min ciwo yadda ake goge wa mutane aikin shekaru saboda shi ne hanya mafi sauri. Yawanci a irin wannan Windows ɗin ce ta rikice, kayanki suna nan kwance a had dis ba abin da ya same su.

Ki kunna ta, da ta fara lodawa ki danne madannin kunnawa har ta mutu, ki maimaita sau biyu ko uku, za ta kai ki shafin gyara da kanta. Ki shiga Troubleshoot sannan Advanced options, ki fara gwada Startup Repair, in bai yi ba ki zaɓi Uninstall Updates tunda sabuntawar ce ta katse a tsakiya, akwai kuma System Restore mai mayar da ita yadda take kwanakin baya ba tare da ya taɓa takardunki ba, amma fa sai in dama a kunne yake.

In duk sun ƙi, to a sa miki Ubuntu, wata manhajar tafiyar da kwamfuta ce kamar Windows, a filash, a tada kwamfutar daga filash ɗin, a HP F9 ake dannawa, a zaɓi gwadawa kawai ba girkawa ba, sai ki kwashe furojet ɗinki zuwa wani filash daban. Bayan nan ko fomat ɗin za ai babu damuwa. Abu ɗaya da zai iya tare ki shi ne BitLocker, wato tsarin Windows na kulle dis, in dis ɗin a kulle yake za a nemi lambobi 48, ki duba asusun Microsoft ɗin da aka shiga kwamfutar da shi ta wayarki, galibi can suke.

Tambaya: Malam ni komai nawa a D nake ajiyewa, C kaɗai ake gogewa, ai na tsira ko? Wani ɗan kasuwa daga Kano.

Amsa: Alhaji ba ka tsira ba gaskiya. A yawancin laftof C da D ɗaki biyu ne a gida ɗaya, dis guda aka raba, in gobara ta tashi duka za ta ci, wato in dis ɗin ya mutu ko ɓarawo ya ɗauke jakar shikenan. Dole kwafin ya kasance a waje.

Ka sayi had dis na waje mai jonawa, ka shiga Control Panel ka nemo Backup and Restore, za ka ga an rubuta Windows 7 a gabansa, kar wannan ya dame ka yana aiki a 10 da 11, sai ka danna Create a system image. Wannan zai ɗauki hoton kwamfutar sukutum, Windows da manhajojinka da saitinka, ranar da ta lalace ka mayar da shi ta dawo kamar ranar da ka ɗauka. Ka kuma ware filash mai 16GB ka haɗa Recovery Drive da shi, shi ne makullin da zai tada ta in ta ƙi tashi, amma ka sani zai goge duk abin da ke kan filash ɗin. In ka gama ka zare dis ɗin ka sa a durowa, don in yana jone kullum cutar da ta kama kwamfutar za ta iya kama shi. Lissafin shago da ke canzawa kullum kuwa ka riƙa tura shi Google Drive, kyauta suna ba da 15GB, OneDrive 5GB.

Tambaya: Zan koma Windows 11, kayana za su ɓace?

Amsa: A ƙa'ida ba sa ɓacewa, amma ka ɗauki hoton kwamfutar nan da na faɗa a sama kafin ka fara, kuma ka tabbata akwai wuta ko cajin da zai kai. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, don haka komawar tana da kyau in kwamfutarka na da TPM 2.0, wato wani sashen tsaro da Windows 11 ke buƙata. In ba ta yi maka ba kana da kwana 10 ka koma tsohuwar ta cikin Settings, muddin ba ka goge folda mai suna Windows.old ba.