Amsoshin Tambayoyinku: Sayen Littattafan Turanci Domin Karatun Nishaɗi

Daga wata malama a wani ƙauye kusa da Ringim: Malam, ina koyar da Turanci a ƙaramar sakandare. Ƙungiyar iyaye da malamai ta damƙa mini naira 60,000 domin in sayo littattafai. Ɗalibaina sun haddace ƙa'idojin nahawu, amma da wuya a sami wanda zai karanta shafi guda ya faɗi abin da ya ƙunsa. Na kasa barci don tsoron kada in salwantar da kuɗin jama'a. Me zan saya?

Malama, ki kwantar da hankalinki, domin wanda ya rasa barci a kan amanar mutane ba shi ne yake cinye ta ba. Shawarata ita ce ki sayo littattafan labarai ƙanana masu sauƙi, iri daban-daban, gwargwadon yadda kuɗin zai kai, kuma kada ki sayi kwafi talatin na littafi ɗaya. Idan kowane yaro yana riƙe da labarinsa daban, to a zango guda aji ɗaya zai iya zagaye littattafai masu yawa ta hanyar musaya kawai.

Irin waɗanda nake nufi su ne waɗanda aka rubuta hawa-hawa da ƙayyadaddun kalmomi. Dabarar tsohuwa ce, domin tun a shekarun 1920 wani malami Bature, Michael West, ya fara shirya irinsu a yankin Bengal na Indiya ta wancan lokaci, bayan ya lura cewa yara suna gudun littafin da kowane layi yake ɗauke da baƙuwar kalma. A jerin Oxford Bookworms, alal misali, matakin share fage an gina shi a kan kalmomi 250, mataki na 1 a kan 400, na 2 a kan 700, har zuwa na 6 mai 2,500. Ki zuba mafi yawan kuɗin a matakai biyu na ƙasa, ko da kuwa wani zai ce na 'yan firamare ne. Masu bincike irin su Paul Nation sun nuna cewa mai karatu yana buƙatar sanin kimanin kalma 98 cikin kowace 100 kafin ya ji daɗin labari ba tare da taimako ba. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: ki tafi kasuwa da ɗalibi ɗaya matsakaici, ba gwarzon aji ba, ki buɗe masa shafi daga tsakiya, ya riƙa lanƙwasa yatsa duk lokacin da ya ci karo da kalmar da bai sani ba. Idan yatsun hannu ɗaya suka ƙare kafin shafin ya ƙare, ki mayar wa mai shago kayansa.

Idan shugaban makaranta ya tambaye ki hujja, ki ba shi labarin Fiji, wata ƙasar tsibirai a tekun Pasifik. A 1980, masu bincike Warwick Elley da Francis Mangubhai sun zuba littattafan labarai kimanin 250 a azuzuwan wasu makarantun firamare na karkara, inda yara ba sa jin Turanci a gida, kamar dai namu, kuma cikin wata 8 ci gaban yaran a karatu ya ninka wanda aka saba gani. Sai dai ki kiyaye abu biyu. Kada ki mayar da karatun jarrabawa, domin ranar da kika ce kowa ya kawo taƙaitaccen bayani a rubuce don maki, ranar nishaɗin ya mutu. Sannan ki ware wani abu daga kuɗin ki sayi akwatin ƙarfe da littafin rajista, saboda gara da yoyon damina ba su san amanar iyaye ba.

Daga wani magidanci a Gaya: Na sayar da riɗina na shiga Kano, na tarar da littafin labari iri ɗaya a wuri biyu, ɗaya rabin kuɗin ɗayan. Na sayi mai arahar guda goma wa 'ya'yana. Wani ya ce jabu ne. Ina ruwan yaro da jabu, tunda rubutun ɗaya ne?

Alhaji, da rubutun ɗaya ne da ban ce komai ba, amma araha ba ta ado, kuma a kan littafi maganar ta fi ƙarfi. Masu satar bugu ɗaukar hoton shafuka suke yi su buga a kan takarda mafi sauƙin kuɗi, babu mai duba aikin, babu mai ƙirga shafi. Shi ya sa ake samun tawada ta dushe a gefe ɗaya ta yi dabbare-dabbare a ɗaya gefen, rubutun baya yana leƙowa ta gaba, shafuka sun maimaita kansu ko sun yi tsalle, gam ɗin da aka manne su da shi kuma yana saki da zarar zafin bazara ya taɓa shi. Babba mai jin Turanci zai iya cike gurbin harafin da ya goge da kansa. Yaron da yake koyo kuwa bai san cewa harafi ya ɓace ba, sai ya haddace kalmar a gurguje, ya rubuta ta haka a jarrabawa, malami ya ja masa jan biro, kai kuma ka ce yaron ne ba ya mai da hankali.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. Na sayo wa ajina wasu littattafai daga hannun wani mai baza kaya a bakin titi, ina ta murna na yi ciniki. Wata yarinya da ba ta taɓa gama littafin Turanci ba ta ɗauki ɗaya, ta yi kwana huɗu tana bin labarin, sai ta zo mini idonta ya kawo ruwa, ashe shafuka takwas na ƙarshe babu su. Na yi wata guda ina lallashi kafin ta sake karɓar wani. Littafin darasi idan ya rasa shafi, malami zai cike a allo, amma labari idan ya rasa ƙarshe, an ci amanar yaron ne, alhali duk dabarar karatun nishaɗi ta dogara ne a kan ɗokin sanin abin da zai faru gaba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mutanenmu sun iya ciniki a kan komai ban da littafi. Wanda ba zai sayi tunkiya a kasuwar Wudil ba sai ya buɗe bakinta ya duba haƙora, wanda yake zura hannu har ƙasan buhun gero don gudun algus, shi ne zai karɓi littattafai goma a leda bai buɗe ko ɗaya ba. Ku riƙa dubawa mana! A ƙirga lambobin shafi daga farko zuwa ƙarshe, a ɗaga takarda a haske, a buɗe tsakiya a ga ko ɗinki ne ko gam, a duba ko hoton bango ya fito tas. Kuma a sani cewa wannan sana'a laifi ce a ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, ga kuma haƙƙin marubucin da aka cinye masa gumi. Idan kuɗi ne ya yi ƙaranci, littafin gwanjo na asali, ko da bangonsa ya tsufa, ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba. Waɗanda ka riga ka saya, ka zauna yau ka ƙirga shafukansu kafin su shiga hannun yara.

Daga wani ɗalibi a Ɗambatta: Saura mako uku in zana WAEC. Wane littafin labari zan saya da zai ba ni kiredit a Turanci?

Babu shi, ɗana, kuma duk wanda ya ce yana da shi kuɗinka yake so. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka koma kan tsoffin tambayoyi yanzu, karatun labari kuma ka fara shi washegarin gama jarrabawa, ka kuma ja ƙannenka su fara tun daga aji ɗaya.

Daga wata uwa a Kazaure: 'Yata ba ta rabuwa da littattafan Hausa na hikaya, har haya take karɓowa. Mahaifinta ya ce a ƙwace a saya mata babban ƙamus na Turanci. Ina cikin damuwa.

Hajiya, ki gode wa Allah, domin abin da malamai suke shekaru suna nema a wurin ɗalibi, wato ya zauna da littafi ba tare da bulala ba, 'yarki ta riga ta same shi. Ki duba abin da take karantawa, wannan haƙƙinki ne na uwa, amma kada a ƙwace. A ajiye mata labaran Turanci masu sauƙi a kusa da na Hausar, irin waɗanda suka dace da abin da take so. Ki faɗa wa maigida cikin ladabi cewa babu wanda ya taɓa karance ƙamus don daɗi, kuma kuɗin babba guda ɗaya zai sayi labarai da dama. Ƙaramin ƙamus na ɗalibai ya wadatar, shi ma a riƙa buɗe shi bayan an gama babi.

Daga wani malamin firamare a Birnin Kudu: In sayi babbar waya don yara su riƙa karatu a ciki?

Idan kana da ita, ka sauke labarai kyauta daga shafukan intanet na African Storybook ko StoryWeaver duk ranar da ka sami sabis mai ƙarfi, akwai na Turanci akwai na Hausa, ka karanta wa aji da babbar murya. Idan kuwa ba ka da ita, kada ka ci bashi dominta. Waya ɗaya ba ta isar yara sittin, ga kuɗin caji kullum a shago, ga data, kuma ranar da ta faɗi a kan siminti duk littattafan sun tafi tare da gilashin.