Yaya zan goge zanen tatu da aka yi mini a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina ɗan shekara 16 wani abokina ya yi mini zanen tatu a bayan hannu, dab da wuyan hannu, da allurar ɗinki da tawadar biro. Haruffa biyu ne baƙaƙe, tsawonsu bai kai ɗan yatsa ba. Yanzu shekarata 24, kuma kunyarsa nake ji, kullum cikin riga mai dogon hannu nake. Wasu sun ce in riƙa gurza shi da gishiri da lemon tsami, wani ya ce in ɗiga masa ruwan batir, na kuma ga ana tallar wani mai a intanet wai yana goge shi cikin mako biyu. Ni baƙi ne sosai. Ina tsoron kada garin neman gira in rasa ido. Mece ce mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsoron nan naka yana kan hanya, kuma shi ya tsare maka hannu zuwa yanzu. Bari in fara da albishir: a duk cikin zanen tatu, irin naka ya fi sauƙin gogewa, domin baƙi ne, ƙarami ne, ya daɗe, kuma na gida ne. Sharaɗin guda ɗaya ne, ka kai wa likita fatar tana lafiya lau, ba bayan ka ƙona ta ba.

Fatar mutum hawa-hawa ce. Hawan sama, wanda ido ke gani, siriri ne, kuma kusan duk wata guda yake sabunta kansa. Da a nan tawadar take, da tuni ta bi ruwan wanka ta tafi. Allurar abokinka ratsa wannan hawa ta yi, ta ajiye tawada a na biyu, zurfin milimita 1 zuwa 2, inda ƙananan jijiyoyin jini da saiwar gashi suke. Wannan hawa ba ya saɓa. Da tawada ta shiga, wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofaj sukan taso su haɗiye ta, amma ba su da ikon narkar da ita, sai su zauna da ita a cikinsu. In ɗaya ya mutu ya sake ta, na kusa da shi ya sake haɗiyewa. Abin da ya sa haruffan suka shekara takwas suna nan ke nan.

Saboda haka duk abin da za ka shafa ko ka gurza daga waje, ɗayan biyu ne. Ko dai bai kai inda tawadar take ba, ka yi wahalar banza, ko kuma ya kai ta hanyar cinye fatar da ke samanta. Hawa na biyu kuwa idan ya ji rauni, da tabo yake warkewa.

Gurzawa da gishiri tsohuwar dabara ce ƙwarai. Wani likitan daular Rumawa ta gabas mai suna Aetius ya rubuta yadda ake yin ta tun a ƙarni na 6. A zamaninsa ba a da hanyar zamani, kai kuwa kana da ita. Ana gurzawa ne har jini ya fito, a bar gyambo a buɗe, wani ɓangare na tawadar ya fita tare da ɓawo. Abin da ya fi yawan biyo baya shi ne tabo mai siffar zanen, ga kuma ragowar tawada a ƙarƙashinsa. Lemon tsami ba ya kai wa ko kusa, sai dai ya sa wurin ya yi duhu idan rana ta doke shi. Ruwan batir kuma, don Allah ko da wasa kada ka kusance shi. Asid ne mai ƙarfi, bai san inda tawada ta ƙare ba balle ya tsaya. A wuyan hannu fatar ba ta da kauri, jijiyoyin da ke motsa yatsu suna nan kwance a ƙarƙashinta, kuma ƙunar da ta yi zurfi a nan tana iya warkewa ta janye fatar har hannu ya kasa lanƙwasuwa yadda ya saba. Dutsen guga, wutar sigari da reza duk hukuncinsu ɗaya.

Man da ka gani ana talla fa? Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta faɗa a fili cewa ba ta amince da wani mai ko kayan goge tatu na gida ba. Irin waɗannan mayuka, wasu asid ne a ciki, kamar wanda ake kira TCA, mai ƙona fata. Wasu kuma sinadaran bilicin ne kawai, su haskaka fatar da ke kewaye, baƙin zanen ya ƙara fitowa ɓaro-ɓaro. Haka nan ƙananan na'urori masu kama da alƙalami da ake sayarwa da sunan leza ta gida, hatsarinsu ga ido da fata ya fi amfaninsu.

Hanyar da likitocin fata suka fi dogara da ita a yau ita ce leza, wato na'urar da ke harba haske mai ƙarfi, kuma a nan zan ɗan daɗe. A 1983 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Harvard, Rox Anderson da John Parrish, suka bayyana ƙa'idar da aikin ya ginu a kai: idan aka zaɓi hasken da abu mai launi yake sha fiye da naman da ke kewaye da shi, aka kuma harba shi cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, abin zai yi zafi ya fashe kafin zafin ya bazu zuwa maƙwabtansa. Lokacin da ake magana a kai nanosakan ne, wato kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Tun daga 2012 aka fara samun na'urorin pikosakan, waɗanda suka fi haka sauri. Hasken yana ratsa hawan sama, ya sami ƙwayoyin tawada, ya farfasa su. Ka ɗauka dutse ne da ya gagari ɗauka aka mayar da shi tsakuwa. Daga nan aikin jiki ne, garkuwarsa ta riƙa kwashe ɓarɓashin a hankali cikin makonni, ta bi da shi ta hanyoyin ruwan jiki zuwa kaluluwa.

Zanen gida ya fi saurin amsawa ne domin tawadarsa ba ta da yawa. Injin masu sana'ar yana huda fata sau da dama a daƙiƙa ɗaya, yana cusa tawada mai kauri, wani lokaci launi a kan launi. Allurar hannu ɗigo-ɗigo take sakawa. Shi ya sa zanen gida yakan tafi a zama 4 zuwa 6, na ƙwararru kuwa yakan ci 8 zuwa 12 ko fiye. Baƙi kuma ya fi kowane launi shan haske. Kore da rawaya su ne masu taurin kai. Inda zanen gida yake ba da wahala shi ne zurfinsa ba ɗaya ba ne. Inda hannun abokinka ya danna da ƙarfi, tawadar ta nutse, kuma waɗannan ɗigogin su za su rage bayan sauran sun tafi. Sannan hannu da ƙafa sun fi ƙirji da baya jinkirin washewa, saboda nisansu da tsakiyar jiki. Shan sigari ma yana rage saurin aikin.

Maganar da ka yi cewa kai baƙi ne sosai, ita ce mafi muhimmanci a cikin wasiƙarka. Sinadarin da ke ba fata launinta, melanin, shi ma yana shan hasken leza. Idan aka yi amfani da na'urar da ba ta dace ba, sai ta kasa bambance tawada da launin fatarka, ta bar maka farin tambari mai siffar haruffan, wanda kan daɗe, wani lokaci ma ya zauna. Na'urorin iri-iri ne bisa tsawon zangon haskensu: akwai mai nanomita 694, akwai mai 755, akwai Nd:YAG mai 1064 da 532. Ga baƙar tawada a baƙar fata, 1064 ake so, domin melanin ba ya shan sa sosai, kuma yana kai wa zurfi. Ka riƙe wannan lamba. Idan ka je wuri ka tambayi irin na'urar da za a yi maka aiki da ita aka kasa faɗa maka, ko aka ce da IPL za a yi, irin wadda ake cire gashi da ita, ka yi musu sallama. Walƙiyar IPL tana daɗewa a kan fata fiye da kima, dafa ta take yi.

Likitan kirki zai fara da gwaji a ɗan ƙaramin gefe, ya jira makonni ya ga yadda fatar ta karɓa. Gwajin ya fi zama dole a irin naka, domin tawadar biro ba don fata aka yi ta ba, kuma kowane kamfani da irin haɗinsa. Masu yin zane a gida da kunkunniya, tokar roba ko garin gawayi ma haka. Akwai abu biyu da ya kamata duk mai irin wannan zane ya sani: tawada fara, ja ko mai launin fata, idan tana ɗauke da sinadarin ƙarfe ko titaniyam, tana iya rikiɗewa ta koma baƙa nan take da haske ya taɓa ta; wanda kuma aka haɗa tawadarsa da albarushi, leza tana iya tayar da shi a cikin fata. Don haka a faɗa wa likita gaskiyar abin da aka yi zanen da shi, ba wurin jin kunya ba ne.

Ranar aikin za a shafa maka man kashe zafi ko a yi maka allurarsa, a sa maka tabarau na musamman. Zane kamar naka 'yan mintoci ne. Akwai zafi, ba zan ɓoye maka ba, amma na ɗan lokaci ne. Wurin zai yi fari fat nan take, ya koma daidai cikin kusan rabin awa, sannan ya kumbura, wataƙila ya yi bororo ko ɓawo. Kada ka fasa bororon, kada ka ɓamɓare ɓawon. Wanke shi da ruwa da sabulu mara ƙarfi, shafa man da aka ba ka, rufe shi, kare shi daga rana. In ka ga mugunya, ko ja yana yaɗuwa, ko zazzaɓi, koma asibiti ranar. Tsakanin zama da zama mako 6 zuwa 8 ne, kuma ga mai baƙar fata ni na fi son a ƙara a kan haka da a rage. Yi lissafi za ka ga abin zai iya cin kusan shekara guda. Mai cewa ka dawo bayan mako biyu ba saurin warkewarka yake nema ba. Ka kuma sa a ranka cewa wani lokaci akan bar 'yar inuwa mai dishi-dishi, wadda sai an ƙura ido ake gani.

Hanya ta biyu ita ce tiyata. A kashe zafin wurin, a yanke fatar da ke ɗauke da zanen, a ɗinke. Rana ɗaya an gama, tawadar ta fita duka, amma an musanya zane da tabon ɗinki, wanda yakan fi zanen tsawo. Ta dace da ƙaramin zane a inda fata take da saki. Wuyan hannu kuwa fatarsa a ɗame take, kullum cikin motsi, tabon yana iya faɗaɗa. Sannan ka duba jikinka: akwai wani tsohon rauni, huda ko ƙurji da ya warke ya yi tudu, yana girma har ya wuce iyakar raunin, yana ƙaiƙayi? Wannan shi ne kiloid, kuma ya fi yawa ga masu baƙar fata. In kana da shi, ko yana cikin danginku, wuƙa ba taka ba ce sai da kyakkyawan dalili, ko lezar ma sai an bi a hankali.

Kankare fata da injin gurza, daskarar da ita da sanyi, ko sake huda zanen a cusa ruwan gishiri ko asid, duk ana yi, amma tabo da ɓacin launi sun yi yawa a cikinsu, ba na ba ka shawararsu. Rufe zanen da wani sabo ba zai biya maka buƙata ba tunda rabuwa da shi kake so, kuma ƙarin tawada ƙarin wahala ne nan gaba. Kafin ka shirya, akwai man kwalliya mai kauri da ake rufe tabo da shi, wanda ruwa ba ya wanke shi da sauƙi. In ka sami wanda ya dace da launinka zai hutar da kai daga dogon hannu.

Da ni ne kai, likitan fata zan fara gani, in nemi Nd:YAG mai 1064 tare da gwaji, in bar tiyata a matsayin zaɓi na biyu. Ka sanar da shi duk maganin da kake sha, musamman na ƙurajen fuska mai suna isotretinoin, da duk man da kake shafawa. Idan akwai tawadar Allah a cikin zanen ko gefensa, a duba ta kafin a harba haske. Mai juna biyu jinkirtawa take yi sai ta haihu, wanda zanensa sabo ne kuma sai ya warke sarai tukuna.

Saura abu ɗaya da ba ka tambaya ba. Allurar nan, kai kaɗai aka yi wa aiki da ita? In an yi wa wani kafin kai, ko an tsoma ta a tawada ɗaya, ka je a gwada jininka don ciwon hanta nau'in B da C da kuma HIV. Ciwon hanta yana iya shekaru a jiki ba tare da wata alama ba. Nau'in C yanzu ana warkar da shi da ƙwayoyi cikin mako 8 zuwa 12, nau'in B kuma yana da rigakafi, wanda za a yi maka idan gwaji ya nuna ba ka ɗauke da shi.