Yadda na'urar awon haske ke gano yawan sukari a jini

Kin tambayi yadda na'urar ɗakin gwaje-gwaje ke gano yawan sukari a jini da haske kawai, da dalilin da ya sa sakamako ke sauyawa idan an maimaita awon.

Na'urar ba ta ganin sukarin kansa, launi take aunawa. Ana haɗa ruwan jinin da aka ware daga ƙwayoyinsa da sinadarin da ke mayar da shi ruwan hoda gwargwadon sukarin da ke ciki, sannan a haska shi da haske mai tsawon zango kusan nanomita 505 (tsawon zango shi ke bambanta launin haske da wani, nanomita kuwa ma'auninsa ne). Yadda launin ya ƙara turuwa, haka hasken da ke ratsawa yake raguwa, sai na'urar ta kwatanta shi da ruwan da aka riga aka san adadin sukarinsa.

A ganina, galibi matsalar daga samfurin take. Jinin da aka bari ya daɗe ba a ware ba, ƙwayoyinsa suna ci gaba da cinye sukarin. Wanda ƙwayoyinsa suka fashe kuwa, jansa yana rikita awon. Ko tabon yatsa a jikin kwalbar awo, ko kumfa, yana tare haske.

Idan bambancin ya ci gaba, injiniyan na'urar ya duba saitinta, fassarar sakamakon kuwa aikin likita ne.